Randar Baffa

Kun gan ta. Kada wanda ya ce min bai gan ta ba. Ranar da Auta ta zauna a kan matattakalar sashenku, ta kifa kai a gwiwa, farar rigarta ta gwaji tana sharar ƙasa, ku ne kuka riƙa kewaye ta kuna wucewa kamar buhu aka yar a hanya. Wani ya zaro waya yana latse-latse. Wata ta tsaya karanta sanarwar da ta shekara manne a bango. Masu neman digiri na biyu da na uku, masu cika baki da sunan bincike, ranar duk kun makance. To ku gyara zama ku ji abin da ya zaunar da ita a wurin, don da hannunku a ciki.

Auta tana ƙarama mahaifinta ya rasu. Yayansa ne ya ɗauko su ita da mahaifiyarta, ya ba su ɗakunan baya a gidansa, ya riƙe ta har ta zama mutum. A gida Baffa take ce masa. A jami'a kuwa Farfesa ne, shugaban sashen nazarin ƙwayoyin cuta, kuma shi ke duba aikinta na digiri na biyu. Wato takardar digirinta a hannunsa take, aurenta ma a hannunsa.

Da randa sunan Farfesa ya fita. Randa ce ta yumɓu da ya ƙirƙiro, a zuba mata gurɓataccen ruwa ta sama, ya ɗigo ta ƙasa garau. An raba ta ƙauyuka da unguwannin talakawa, an ba shi lambar yabo, hotonsa rungume da ita yana nan a bangon ofis.

Sashen kuwa gida biyu ne. Akwai ɗaliban Farfesa, akwai na Malama, wata dattijuwar dakta da suka yi shekaru ko gaisuwa ba ta haɗa su. Abu ɗaya ya rage tsakanin gidajen biyu, firijin da ke baranda, don shi kaɗai ne mai sauran rai. Sama na ɗaliban Farfesa, ƙasa na ɗaliban Malama. Ba wanda ya rubuta dokar, ba kuma wanda ya taɓa karya ta sai Auta, a makonta na farko.

"Baiwar Allah, waɗannan farantan naki ne?"

Ta waiwayo. Sai da ta ɗaga kai sosai kafin ta ga fuskarsa. Ɗalibin Malama ne da kowa ke kira Dogo, riƙe da farantan gwajinta, 'yan gilasan nan da ake ɗiga ruwa a ciki a ajiye a ga ko cuta za ta tsiro.

"Nawa ne. Cizon ka suka yi?"

"Ba su cije ni ba. Iyaka suka tsallako ba biza."

"To hannuna ba ya kai saman. Ko da tsani zan riƙa zuwa makaranta?"

Ya dube ta daga sama har ƙasa, duban bai ɗauki lokaci ba.

"Ikon Allah. Ni kuma sunkuyon nan ya kusa karya min baya. Wanda ya raba firijin nan bai auna mu ba."

Ta so ta haɗe rai, dariya ta ƙwace mata.

Daga ranar shi ke ɗora nata sama, ita ke ciro masa nasa daga ƙasa. Aikin ƙiftawar ido ya koma hira, hirar ta koma rakiya bakin titi, motoci suna zuwa suna wucewa su kuwa suna cewa ta gaba za a shiga. Da ya ce zai turo manyansa, Baffa bai ƙi ba. Cewa ya yi, "Ɗalibin waccan matar? To, ya gama karatunsa mu gani."

Karatun ne ya zama masifa.

Aikin Dogo shi ne bin gidajen da ke amfani da randar yana ɗebo ruwan da yara ke sha. Sabuwar randa ba ta da laifi. Amma wadda ta yi watanni ana mora, cuta kan yi gida a cikin jikin yumɓun, ruwan da ke ɗigowa ya fi wanda aka zuba muni, ga shi kuma garau a ido. Ya sake gwajin, ya kuma sakewa, farantan suna cika da ɗigo-ɗigo kamar an watsa musu gero. Kafin ya yanke shawarar yadda zai faɗa, maganar ta riga shi isa kunnen Farfesa.

* * *

Da yamma Baffa ya tara su a falonsa. Dogo na durƙushe a bakin kafet. Auta da Umma, mahaifiyarta, suna rakuɓe kusa da ƙofa. A kujerar gefe kuwa ga ƙaramin malamin nan da ɗalibai suka laƙaba wa Mai Jaka, saboda shi ke riƙe wa Farfesa jaka daga mota zuwa ofis. Ya daɗe yana son Auta, ita kuwa ko gaisuwarsa a taƙaice take amsawa.

"Yaro," in ji Baffa, "ka san dalilin da ya sa na yi randar nan?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"Ɗana na fari gudawa ce ta kashe shi. A hannuna ya cika, ina da digirin da na kasa cetonsa da shi. Tun daga ranar ban huta ba. Yau kai, da ko gemunka bai gama fitowa ba, za ka tsaya gaban jama'a ka ce ni ke shayar da 'ya'yan mutane cuta?"

"Wallahi ban ce ku ba ne, Malam. Randar ce in ta tsufa. Gyara kawai take so."

"Wutar sashen nan sau nawa take ɗaukewa a yini?" Mai Jaka ya sa baki yana murmushi. "Firijin nan ko kankana aka sa masa sai ta lalace. Hannunka ne, ɗan'uwa. Kowa yana kuskure."

"Na gwada da ruwan famfo a firijin ɗaya, Dakta. Bai tsiro ba."

"Ji shi, har da amsa."

Baffa ya ɗaga hannu, falon ya yi tsit.

"Ba zan yi wa 'yata dole ba, ba yarinya ba ce. Amma ba zan ɗauke ta in ba wanda aka turo ya tozarta ni ba. Ka cire babin tsohuwar randar nan daga aikinka, ka rubuta cewa gwajin ya gurɓace. In ka yi, manyanka su zo. In ka ƙi, ƙofar nan kada ka sake taka ta. Masu son ta da mutunci suna nan."

Mai Jaka ya gyara wuyan riga.

"Baffa..." in ji Auta. "Baffa, ni ma na gani. A farantaina."

"Ke rufe min baki! Abin da ya gani shi za ki gani, ko baƙi ya ce fari ne." Ya juya ga Dogo, idonsa ya kaɗa. "Shekara da shekaru ɗalibaina suna gwada randar nan. Ko ɗaya bai taɓa kawo min irin wannan ba. Ko ɗaya! Ka kawo min mutum guda daga cikinsu, banda wannan da so ya rufe wa ido, ya ce ya ga abin da ka gani. Wallahi da hannuna zan fasa randar, da hannuna kuma zan ba ka ita. Ni ba azzalumi ba ne."

Kuma da gaskiyarsa ya rantse. Abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Tsohon nan ba maƙaryaci ba ne. Mutum ne da aka yi shekaru ana ce masa "haka ne, ranka ya daɗe", har ya manta yadda "a'a" take a kunne.

* * *

Suna shiga ɗaki Umma ta tura ƙofa, ta jingina da ita.

"Auta, so kike ki kashe ni?"

"Umma, me na yi? Gaskiya fa na faɗa."

"Gaskiya! A falon Yaya, a gaban baƙo? Mutumin da ya ɗauko mu ranar da sauran dangin ubanki kowa ya kama gabansa? Da kika yi ciwon nan kina ƙarama, waye ya goya ki a bayansa har asibiti, yana Farfesa guda, ba takalmi a ƙafarsa?"

"Na sani, Umma. Ban manta ba."

"Kin manta. Dogon nan ya mantar da ke."

Auta ta zube a gabanta ta riƙe mata ƙafafu, hawaye na zuba.

"Umma, yara ne ke shan ruwan. Uwa tana ba ɗanta tana murna, gani take ta tsare shi. Ya zan yi? Ki gaya min ya zan yi, wallahi zan yi."

"Ki yi shiru. Shi ne abin da za ki yi. Manya su gyara abinsu."

"Wane babba? Kowa jira yake wani ya fara." Ta ɗago kai ta nuna lungun ɗakin, inda randarsu ke zaune a kan 'yar kujera, ga tukunya a gefenta. "In ba ki yarda ba, Umma, me ya sa tun ranar da na gaya miki kike tafasa ruwan kafin mu sha?"

Umma ta zame ta zauna a ƙasa, ta ja gefen zane ta toshe fuska. Sun daɗe a haka, kowa da kukanta.

Da Umma ta yi magana, muryar ta dushe.

"Ni ba boko na yi ba, ban san farantanku ba. Abin da na sani, in kika tashi a gaban mutane kika kunyata Yaya, ba ni da fuskar da zan kwana a gidan nan, ba ni kuma da inda za ni. In kin yi, ki nemi wata uwar. Ba baki na yi miki ba, Auta. Roƙon ki nake."

Da ma zagi ta yi, da ya fi sauƙi.

* * *

Bayan 'yan kwanaki ne kuka gan ta a matattakala. Bayan kun gama wucewa, Dogo ya zo ya zauna a ƙasanta, karon farko da fuskokinsu suka daidaita.

"Kin ci abinci?"

"Ka samu wanda zai ba da shaida?"

Ya girgiza kai.

"Na bi su ɗaya bayan ɗaya. A laburare, a masallaci, a wurin mai shayi. Kin san abin mamaki? Ba wanda ya ce ƙarya nake. Kowa sai ya waiga hagu da dama, ya ce, 'Ni ma nawa sun tsiro. Na kai wa Mai Jaka, ya ce hannuna ne, in zubar in sake. Na zubar, na sake, suka tsiro. Sai na rubuta abin da na baya suka rubuta.' Daga nan sai ya kama hannuna ya ce don Allah kada in ambaci sunansa."

"Dukansu?"

"Har waɗanda suka gama, suna koyarwa yanzu. Wani cewa ya yi, 'Dogo, in na yi magana ai takardata na yaga. Ina da iyali.'"

"Malama fa?"

"Ta ce in ta buɗe baki za a ce tsohuwar gaba ce, ta ƙara ɓata min. Ta ce ta kusa ritaya, in yi abin da zuciyata za ta iya ɗauka." Ya ɗago ya dube ta. "Auta, na cire babin."

Ta ɗago da sauri.

"Ka yi me?"

"Na shirya jawabin semina iri biyu. Ɗaya da babin, ɗaya babu. Wanda babu zan gabatar. In mun yi aure, in na samu aiki, sai in dawo da maganar a hankali, ta inda ba zai ji ciwo ba."

"Haka su ma suka ce. Kowa a hankali zai dawo da ita."

"To ya kike so in yi? In rasa ki?" Muryarsa ta karye. "Ke kin san ba ni da kowa a garin nan sai ke. In na buɗe firijin nan ban gan ki a gefena ba, wallahi ban san me na zo ɗauka ba. In tsaya ina kallo Mai Jaka ya riƙe miki jaka?"

"Kada ka ba ni dariya ina kuka."

"Ba wasa nake ba."

"Na sani." Ta share ido da hannun riga, wasu suka sake zubowa. "Ka tuna gidan da ka kai ni ɗebo ruwa? Matar nan mai 'yan biyu, da ta cika kofi daga randar ta miƙo mana, ta ce mu sha, ruwan Farfesa ne, ba ya cutarwa? Ka karɓa ka riƙe, ka kasa sha, ka kasa gaya mata. A hanya ka ce min ba za ka sake yin shiru irin wannan ba. Ranar na san kai nake so. Ba don firiji ba."

"Auta..."

"In ka cire, zan aure ka, ba zan fasa ba. Amma duk ranar da na miƙo maka ruwa a gidanmu, za mu dubi juna mu tuna. In kuma ba ka cire ba, Baffa ya rantse, ka ji da kunnenka. Ni kuwa ko na tashi ba za a karɓi shaidata ba, uwata kawai zan rasa a banza. Ka gani? Ta ko'ina an tare."

"To ki zaɓa mana."

"Ba zan iya ba. Wallahi ba zan iya ba, Dogo. Kada ka ɗora min."

Ya miƙo hannu kamar zai share mata hawaye, ya tuna inda suke, ya mayar da shi aljihu. Ta tagar ofishin sama Mai Jaka na leƙowa da kofin shayi a hannunsa.

* * *

Ranar semina ɗakin taro ya cika tun da hantsi. Farfesa a tsakiyar babban tebur, Mai Jaka a damansa, Malama can ƙarshe tana duban farcenta. Ɗalibai a baya, kowa da littafi buɗe a cinya kamar mai shirin rubuta wani abu. Auta na layin gaba. Ba ta san wanne ya ɗauko ba, bai gaya mata ba, ita ma ta kasa tambaya.

Dogo ya fara. Ya yi godiya, ya faɗi unguwannin da ya bi, ya faɗi yadda ya ɗebo ruwan. Muryarsa na fita da ƙyar, fankar sama ta fi shi ƙara. Ya zo inda babin yake. Yatsansa ya tsaya a kan madannin kwamfuta. Ya dubi Auta. Ta sunkuyar da kai, don kada idonta ya ce masa komai.

Ya danna.

Hoton faranti ya cika bango, ɗigo-ɗigon cuta sun rufe shi baki da baki. A ƙasansa an rubuta: ruwan randa bayan ta tsufa.

Wata a baya ta ce "Innalillahi" a hankali. Auta ta ji wani abu ya tsinke a ƙirjinta, ba ta san ko murna ba ce ko mutuwa.

Farfesa ya cire tabarau ya ajiye. Bai yi tsawa ba. Ya miƙe a hankali, ya dafa tebur, ya juyo ya fuskanci ɗalibansa. A lokacin ba shugaban sashe ba ne, tsoho ne da ke neman wanda zai gaya masa ko rayuwarsa ta tafi a banza.

"'Ya'yana," ya ce. "Ku kuka yi aikin nan da hannunku. Na yi rantsuwa a gidana, ina maimaita ta a nan. Tsakaninku da Allah, akwai wanda ya taɓa ganin irin wannan a farantinsa?"

Mai Jaka ya juyo da kujerarsa yana bin fuskoki da kallo, layi bayan layi.

Shiru. Wani ya yi tari. Wata ta shiga neman biro a jaka.

Hannun Auta ya ɗago daga cinyarta kaɗan, ya tsaya a iska. Muryar Umma na kunnenta. Ta dubi Dogo, shi kuwa girgiza mata kai yake, yana roƙon ta da ido kada ta yi. Hannun ya koma. Hawaye suka ɗiga a kansa.

"Babu?" in ji Farfesa. "Zan sake tambaya sau ɗaya, daga nan a rufe maganar nan har abada."

To, kai nake wa magana yanzu. Kai da ke layi na uku kana duban takalminka. Ke da kika ce "Innalillahi" kika yi sauri kika rufe baki. Ka gani a farantinka, ka wanke shi a famfon baya, ka ce hannunka ne alhali ka san ba hannunka ba ne. Na san kana da iyali. Matar nan mai 'yan biyu ma iyali gare ta, kuma yanzu haka tana cika musu kofi. Yaron nan ya ajiye duk abin da yake so a duniya a kan teburin can, yarinyar nan an ɗaure mata hannu da uwarta, tsohon nan ya tambaye ka tsakaninka da Allah. Ba a ce ka yi jawabi ba, ba a ce ka zagi kowa ba. Mutum ɗaya ake nema.

Ga Farfesa can ya buɗe baki zai sake tambaya. Ajiye biron nan. Ɗaga hannunka.